Yadda ake mayar da tsohuwar manhaja zuwa Python 3 ba tare da ƙ da ɗ sun rikice ba

Tun 1 ga Janairun 2020 aka daina kula da Python 2, tsohon zubin yaren rubuta manhaja na Python, amma har yau akwai manhajojin rajistar ɗalibai da na kantuna a Kaduna da ke tafiya a kansa. Duk sabon hannun da na ga ya zo sabunta irin wannan, a wuri ɗaya yake tuntuɓe. Python 2 yana haɗa rubutu da bytes (ɗanyun lambobin da kwamfuta ke adana bayani da su) ya kau da kai, shi kuwa Python 3 sai ya tsaya cak ya jefo maka saƙon kuskure na TypeError.

Kafin ka taɓa komai, kwafi rumbun bayanan ka ajiye a gefe. Daga nan ka gano da wane tsari aka adana tsohon rubutun, kada ka yi cinke. Nan na sha kashi da aikin wata makaranta a Tudun Wada. Na buɗe jerin sunaye, sai ga Ɗanladi ya koma ÆŠanladi, alamar ₦ kuma ta zama â‚¦. Dalilin shi ne, a tsarin adana haruffa na UTF-8 harafin Ɗ bytes biyu ne, C6 da 8A, kwamfutar kuma ta karanta su da tsarin cp1252 na Windows, kowanne ya fito harafi mai zaman kansa. Irin wannan yana gyaruwa, in s shi ne rubutun da ya rikice: s.encode("cp1252").decode("utf-8"). In kuwa alamar tambaya ka gani a gurbin harafin, ya riga ya tafi, sai dai a koma tsofaffin takardu a sake bugawa.

Ni a ranar errors="ignore" na sa, wato a tsallake duk abin da bai karantu ba, don kukan kuskuren ya tsaya. Ya kuwa tsaya, amma haruffa masu ƙugiya suka zube ba wanda ya sani, Ɗanladi ya zama "anladi" a katin sakamako. Sai da na biya kuɗin sake buga katunan daga aljihuna. Kada in ga wannan layin a aikinka, ko na gwaji ne.

Ƙa'idata: bytes a bakin ƙofa suke tsayawa. Da shigowarsu ka yi decode su koma rubutu, cikin manhaja str (rubutu) kawai, sai wajen fita ka yi encode ya koma bytes. Kowane open() na buɗe fayil ka rubuta masa encoding="utf-8" da hannunka, domin abin da ya yi aiki a Linux ɗinka zai iya watsewa a Windows ɗin ofishin masu manhajar. Ka kuma duba duk inda aka ƙirga tsawon rubutu, don len("ƙasa") a Python 2 5 yake bayarwa, a Python 3 kuwa 4.

Sauran ba wuya. A rumbun bayanai na MySQL ka zaɓi tsarin utf8mb4, utf8 ɗinsa bytes uku kawai yake ɗauka, emoji ba ya shiga. Fayil ɗin jadawali na CSV da za a buɗe da Excel ka fitar da shi da utf-8-sig. Gwaji kuma da "ɓarawon ɗan ƙauye ₦500" nake yi, in shigar, in adana, in fitar, in buga a takarda.