Yadda Matashi Zai Tafiyar da Rayuwarsa da Cutar Parkinson

Yawancin mutane sun ɗauki cutar Parkinson a matsayin ciwon tsufa, kuma gaskiya ne ta fi kama waɗanda suka haura shekara 60, amma akwai waɗanda take fara musu tun suna da jini a jika. Ɗan wasan fim na Amurka, Michael J. Fox, yana da shekara 29 aka gano yana da ita a 1991, shahararren ɗan dambe Muhammad Ali kuwa yana da shekara 42 a 1984, kuma ya rayu da ita har zuwa 2016. Tushenta shi ne mutuwar wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dopamine, wanda ke daidaita motsin jiki. Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da ita ba, sai dai wanda ke sassauta alamominta, don haka matashin da ta kama yana buƙatar tsarin da zai ɗauke shi shekaru masu yawa.

Matakin farko shi ne a tabbatar cewa ita ce. Alamomin sukan fara ta ɓangare guda na jiki: hannu ya riƙa karkarwa lokacin da aka ajiye shi a kan cinya, motsi ya yi nauyi, gaɓoɓi su sandare, rubutu ya riƙa ƙanƙancewa daga farkon layi zuwa ƙarshensa. A wajen matashi, jama'a kan yi saurin cewa shaye-shaye ne ko sammu, kuma wannan zargi yana cinye lokacin da ya kamata a yi a asibiti. Wanda ya dace a gani shi ne likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma an fi samun irinsu a asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A tafi da duk magungunan da ake sha, domin wasu magungunan amai irin su metoclopramide da wasu na taɓin hankali irin su haloperidol suna haifar da alamomi masu kama da na wannan cuta. Haka kuma likita zai so ya bincika cutar Wilson, wadda ke tara sinadarin tagulla a hanta da ƙwaƙwalwa, saboda tana kama matasa kuma tana da magani.

Idan an tabbatar, abin da ya fi komai muhimmanci shi ne kiyaye lokacin shan magani. Levodopa, wanda ake haɗawa da carbidopa, shi ne mafi ƙarfi, amma abinci mai gina jiki kamar nama, wake, ƙwai da nono yana iya rage yadda yake isa ƙwaƙwalwa. Saboda haka likitoci kan ba da shawarar a sha shi da ruwa kamar minti 30 kafin a ci abinci, ko kuma awa guda bayan an ci. Mai karyawa da koko da ƙosai, alal misali, sai ya haɗiyi ƙwayarsa bayan sallar asuba, ya bar kumallo sai gari ya waye. Yana da kyau a saita ƙararrawa a waya, a kuma tanadi ɗan littafi da za a riƙa rubuta lokacin da aka sha magani, da lokacin da jiki ya sake, da lokacin da ya sake ɗaurewa. Da wannan littafin likita zai daidaita awo, musamman da yake matasa sun fi tsofaffi saurin samun motsin da ba da niyya ba, irin murɗawar jiki, bayan sun yi shekaru suna shan levodopa.

Kada a taɓa yanke maganin farat ɗaya, domin hakan na iya jawo zazzaɓi mai tsanani da sandarewar jiki har rai ya shiga haɗari. A riƙa sayen na gaba tun na hannu bai ƙare ba, a kuma saya a kantin magani mai rajista. Kafin watan azumi ya kama, a zauna da likita a ji ko jiki zai iya jure sauyin lokutan shan magani, tunda addini ya yi wa marar lafiya rangwame. Mace mai shirin ɗaukar ciki ita ma ta fara tuntuɓar likita.

Akwai wani gargaɗi da ake yawan mantawa da shi, kuma a ganina bai kamata matashi ya fita daga ɗakin likita bai ji shi ba. Magunguna irin su pramipexole da ropinirole, waɗanda akan fara ba matasa, suna sa wasu mutane su kasa kame kansu wajen caca, almubazzaranci, cin abinci ko sha'awa. Mai shan maganin ba lallai ya lura da canjin ba, don haka ya sanar da matarsa ko wani amintacce tun farko, ya ba shi izinin yin magana idan ya ga kuɗi suna zurarewa. Wannan illar magani ce, kuma takan lafa idan likita ya rage shi ko ya sauya wani.

Motsa jiki shi ne magani na biyu. Tafiya da sauri, tuƙa keke da miƙe gaɓoɓi a yawancin ranakun mako suna taimaka wa ƙarfi da daidaiton tsayuwa, kuma likitan gashin ƙashi zai nuna atisayen da ya dace. Idan ƙafa ta kafe a bakin ƙofa ta ƙi ɗaguwa, kada a yi ta kokawa da ita. A tsaya cik, a karkata nauyi zuwa ƙafa guda, a ƙirga ɗaya, biyu, uku da ƙarfi, sannan a taka kamar ana tsallake wani layi a ƙasa. Taurin bayan gida ma yana damun masu cutar ƙwarai, sai a yawaita shan ruwa da cin ganye kamar zogale da alayyafo.

Game da aiki kuwa, bai kamata a yi gaggawar ajiye shi ba. A tsara ayyuka masu wuya su faɗo a sa'o'in da magani ke aiki sosai, a nemi sassauci inda ya kamata, tare da sanin cewa a Najeriya dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta nuna bambanci wajen ɗaukar aiki saboda nakasa. Mai shirin aure ya faɗa wa wadda yake nema gaskiya, ya kuma bayyana mata cewa cutar ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Baƙin ciki mai tsawo, fargaba da rashin barci suna cikin alamomin cutar kanta, wani lokaci ma sukan riga karkarwa bayyana, saboda haka a rubuta su a cikin littafin nan a nuna wa likita, domin su ma suna da magani.