Darasi na Shida: Zana Wuyan Jita a Kwamfuta

Mai haɗa garaya ko molo bai damu da takarda ba, domin wuyansu sumul yake, kunnen makaɗi ne ke nuna wa yatsa inda zai danne tsirkiya. Jita ba haka take ba. An gindaya ƙananan ƙarafa a wuyanta, kuma idan ɗaya ya kauce daga mazauninsa, ko da milimita guda ne, muryar wannan wuri ba za ta ƙara daidaita ba sai an gyara mazaunin ko an sake katako. Shi ya sa za mu fara koyon zane daga wuya.

Manhajar da za mu yi aiki da ita ita ce LibreCAD, wadda kyauta ce, kuma tsohuwar kwamfuta irin wadda ake samu a kasuwar Computer Village da ke Ikeja a Legas ta isa ta ɗauke ta. AutoCAD, wadda ta fito tun 1982, ta fi suna a wurin masu zanen gini, amma kuɗi ake biya, kuma ɗan koyo bai buƙace ta ba tukuna.

Da farko ka saita ma'auni a kan milimita, sannan ka ja miƙaƙƙen layi mai tsawon 650, wato tazarar da ke tsakanin inda tsirkiya ta tashi a saman wuya da inda ta hau kan jaki, ɗan abin da ke tokare tsirkiya a jikin jita. Ka raba 650 da 17.817, lambar da masu haɗa jita ke amfani da ita wajen wannan lissafi, za ka sami 36.48, a wannan tazara daga saman wuya ƙarfe na farko zai zauna. Ka cire wannan daga 650, saura 613.52, ka sake rabawa da 17.817, ka sami 34.43, tazarar ƙarfe na biyu daga na farko ke nan. Haka za ka ci gaba, tazara tana raguwa a hankali. Kada ka ja layukan da ƙiyasin ido. Ka rubuta lambar, kwamfuta ta ajiye layin da kanta. Ƙarfe na 12 shi ne shaidarka: dole ya faɗa tsakiyar tsirkiya, a kan 325. In ya kauce sosai, akwai kuskure a lissafin baya.

Wajen bugawa ne aka fi yin asara. Takardar A4 tsawonta milimita 297 ne kawai, don haka sai an je shagon masu buga zanen gini, a ce musu kada su rage girma ko kaɗan. Ka zana layi mai tsawon 100 a gefe, ka auna shi da rula kafin ka bar shagon. Laimar Legas kuma tana taɓa takarda kamar yadda take kumbura katako, saboda haka gara a kwafe zanen a kan busasshen katako a ranar da aka buga shi.

Aikin gida: ka sake zanen da tsirkiya mai tsawon 630, ka kawo mazaunin ƙarfe na farko da na 12 a darasi mai zuwa.