Kalmomin Turanci na hukunci da cutarwa: ku lura da abin da ke biye da su

'Yan'uwa masu shirin WAEC da NECO, da masu fassara labaran kotu, ga wani wuri da ake yawan tuntuɓe. Kada ku haddace irin waɗannan kalmomi su kaɗai. Ku rubuta kowacce cikin jimla guda a bayan littafinku, domin 'yar ƙaramar kalmar da ke biye da ita ce ke tona asirin wanda bai iya ba.

Inflict da impose duka kalmar on ce ke biye da su. Inflict na abu mai zafi ne, rauni ko azaba: they inflicted injuries on him. Impose kuwa na mai iko ne, tara, haraji, dokar hana fita: the court imposed a fine on him. Kada ku rubuta inflicted him with injuries, wannan tsarin na afflict ne, wato ciwo ko masifar da ta afka wa mutum: afflicted with malaria.

Na kotu su suka fi damuna, domin kuskure a nan zalunci ne. Charged with, tuhumarsa kawai ake yi. Convicted of, an same shi da laifi. Sentenced to, alƙali ya yanke masa hukunci, ɗaurin shekara 5 ko kisa. In ka rubuta convicted alhali tuhuma ce, wallahi ka ɓata sunan bawan Allah, wanda sashe na 36 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗauke shi marar laifi har sai kotu ta tabbatar da laifinsa.