Darasi na Tara: Kamun Giwan Ruwa da Koto Mai Rai

Giwan ruwa, wanda maƙwabtanmu Larabawa suke kira ijil, shi ne babban kifin Kogin Nilu, domin wanda ya riƙa yana iya kai tsawon mita 2, ko da yake yawancin waɗanda suke shiga hannun masunta ba su kai haka ba. Abincinsa ƙananan kifaye ne, kuma motsinsu ne yake jan hankalinsa, shi ya sa tana da take kama tarwaɗa ba ta cika ruɗar babban giwan ruwa ba.

Yana son ruwa mai zurfi, kusa da duwatsu ko kututturen da ya nutse, inda zai laɓe ya jira abinci. Ana neman sa a irin ruwan da yake gangarowa daga madatsar Sinnar ta ƙasar Sudan, wadda aka gama a 1925 a kan Shuɗin Nilu, ba nisa da Maiwurno, da kuma madatsar Jabal Auliya ta 1937 a kan Farin Nilu. Amma kada mai kwale-kwale ya matsa kusa da ƙofofin madatsa, domin ruwan wurin yana da ƙarfin kifar da jirgi.

Koton da ya fi dacewa shi ne ƙaramar karfasa, wato bulɗi, wadda ba ta wuce tafin hannu ba. A nan ne masu koyo suka fi yin kuskure, kuma abin yana damuna, domin mutum zai sha wahalar jefa birgi tun asuba, sannan ya cusa kifi talatin cikin bokiti ɗaya ya bar su a rana. Kifi yana shaƙar iskar da take cikin ruwa, ruwan da ya yi ɗumi kuwa iskarsa kaɗan ce. A zuba kaɗan, a ajiye bokitin a inuwa, a riƙa sauya ruwan da na kogi. Idan aka ga sun taso sama suna buɗe baki, to, ruwan ya gaji.

Wajen sa ƙugiya, a jiƙa hannu tukuna, sannan a soka ta a gadon bayan karfasar, ƙarƙashin ƙayar sama, ba tare da taɓa ƙashin baya ba, domin idan aka taɓa shi karfasar ba za ta ƙara iyo ba. Inda ruwa yake gudu da ƙarfi, gara a soka ta leɓe, don ta fuskanci ruwan.

Da sassafe da kuma gab da magariba ne giwan ruwa ya fi cin koto. Idan ya ɗauka, a ɗan sakar masa igiya kafin a fizga, kuma kada a naɗe igiyar a hannu ko kaɗan. Murfin kunnensa yana da kaifi, saboda haka a ɗaura ƙugiyar da igiya mai kauri, a kuma kiyaye yatsu lokacin ɗaga shi cikin jirgi.