Kurakuran Masu Koyo a Jerin Lambobin da ake Jonawa

Jerin da nake nufi shi ne wanda ake samu ta hanyar manna lambobi a bayan juna: 1, 12, 123, 1234, har gaba, sannan a tambaya ko kowace lamba za ta rabu ba saura da lambar da aka manna mata a ƙarshe. Lambobin da aka manna a ƙarshe waɗanda suka ci wannan gwaji sun fara da 1, 2, 3, 5, 6, 9, 10, 12.

Babban kuskuren, wanda na gaji da gyara shi, shi ne ɗaukar cewa jonawa kullum ninkawa ce sau 10 a tara sabuwar lamba. Wannan dabara tana tafiya daidai har zuwa 9, amma da zarar an iso 10 sai ta watse, domin 123456789 sau 10 a tara 10 yana ba da 1234567900, alhali amsar gaskiya ita ce 12345678910. Lamba mai alƙaluma biyu tana buƙatar a ninka sau 100, mai uku kuma sau 1000. Abin takaicin shi ne amsar ƙaryar ma tana rabuwa da 10, don haka mai lissafin ba ya farga, sai ya ci gaba da gini a kan ruɓaɓɓen tushe.

Na biyu ya fi ba ni haushi, wato miƙa wuya ga kwamfuta ba tare da dubawa ba. Manhajar Excel alƙaluma 15 kacal take riƙewa, sauran ta mayar da su sifili. Lamba ta 13 a jerin, 12345678910111213, tana da alƙaluma 17, saboda haka za ta fito a matsayin 12345678910111200. Wani ɗalibi ya taɓa kawo mini wannan yana rantsuwa cewa cika ce, ga ta gaskiyar kuwa tana ƙarewa da 3! Ina amfanin na'ura idan idonka bai kai ƙarshen layi ba? Ni dai al'adata ita ce ban riƙe doguwar lambar sam, saura kawai nake ajiyewa bayan kowace jonawa, kuma nakan sake lissafin daga farko ga kowane mai rabawa.

Sauran ƙanana ne. Dabarar tara alƙaluman lamba don gane ko za ta rabu ba saura ta 3 da 9 ce, ba ta aiki a kan 7. Kada kuma nasarar 1, 2 da 3 ta sa ka yanke hukunci, domin 1234 a raba da 4 yana barin saura 2.