Darasi na 9: Yoyon Mai a Aksil Ɗin Baya

Ba kowace mota wannan darasi ya shafa ba. Mai Golf ko J5, ƙafafun gaba ne ke jan motarsa. Maganarmu a kan motar da ƙafafun baya ke turawa ne: bas ƙirar Hiace, Hilux, a-kori-kura Peugeot 504, da Canter.

Durƙusa ka leƙa ƙarƙashin motar ta baya. Za ka ga ƙaton bututun ƙarfe ya haɗa tayar hagu da ta dama, tsakiyarsa ta kumbura kamar tukunya. Shi ne aksil. Farfela, wato dogon ƙarfen nan mai juyawa, ta taso daga giyabos ta shiga tukunyar ta gefen gaba. A ciki akwai haƙora masu karɓar juyin farfela su raba wa shaf biyu, ɗaya ya yi hagu, ɗaya ya yi dama. Haƙoran da boris ɗinsu, wato zobban ƙarfen da shaf ke juyawa a kansu, a cikin mai suke aiki. Man ba shi da yawa, a ƙananan motoci bai wuce lita 2 zuwa 3 ba, kuma babu wata fitila a gaban direba da za ta kama idan ya ragu. Sai dai ka ji kuka daga baya, yana ƙaruwa idan ka ƙara wuta. In ta kai ga haka, ƙarfe ya riga ya fara cin ƙarfe.

Wane mai ne ya zuba?

Da dare ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin aksil. Da safe ka dangwali ɗigon da yatsa, ka murza, ka shinshina. Man aksil yana da kauri da danƙo, ga wari mai hawa kai, warin farar wuta da ake sa masa a ciki. Wanda ya taɓa jin warin ba ya mantawa. Man birki kuwa tsararo ne, ba shi da wannan wari. Idan shi ne, buɗe gaban mota ka duba 'yar robar man birki, za ka tarar ta yi ƙasa. Wannan motar ba ta fita ko nan da can sai an gyara. Wani lokaci kuma shokazoba ce ta fashe ta jiƙa gefen aksil, sai a ɗora wa aksil laifin da ba nasa ba.

Daga ina yake fitowa?

A nan ne mutane ke asarar kuɗi. Mai yana gangarawa ƙasa, iska kuma tana kora shi baya in mota tana gudu, ƙura ta zo ta manne, duk aksil ya yi baƙi ƙirin. Inda ka ga ɗigo ba lallai nan ne ƙofar ba. Saboda haka kada ka sayi komai tukuna. Samo kananzir da burushi da tsumma, ka wanke aksil tas, tun daga bakin farfela har bayan tayoyi biyu. Bar shi ya bushe. Ka yi tafiyar kamar kilomita 10, ka dawo, ka haska fitila. Nemi wurin da ya jiƙe wanda ya fi kowane bisa, ya fi kowane kusa da gaba. Can ne mafarin.

Kafin ka shiga ƙarƙashi, ka tsayar da motar a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, ka sa waigi a tayoyin gaba. Idan an ɗaga ta, a sa mata matokari na ƙarfe. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a kwanciya ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, haka ma bulo, domin yana fashewa ba sallama.

Ƙofofin da mai ke bi ba su da yawa. Akwai sil, wato zoben roba mai tare mai, da ke bakin farfela. Idan shi ne, za ka ga man ya fantsama a zagaye har ƙasan bodi, saboda juyin farfela yana watsa shi. Akwai sil a kowane bakin taya; alamarsa jiƙa a bayan farantin birki da cikin taya. Akwai gasket ɗin tukunya, wato shimfiɗar da ake sawa a mahaɗarta don tare mai. Akwai kuma notin zuba mai da notin tsiyayewa, waɗanda sau da yawa wasarsu ce kawai, wato siririn zoben da ke ƙarƙashin noti, ta gaji, a canza ta a huta.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi

A saman aksil akwai wani ɗan ƙarfe mai hula, bai kai tsawon yatsa ba. A wasu motoci 'yar tiyo ce ta yi sama. Mashaƙar iska ke nan, kuma direbobi da yawa sun shekara suna tuƙi ba su san da ita ba. Idan mota ta yi nisa, man ya ɗau zafi, iskar da ke cikin aksil sai ta kumbura, dole ta sami mafita. Laka ta damina da ƙurar hunturu sukan toshe wannan 'yar ƙofa. In ta toshe, iska sai ta tura mai ta bakin sil, ko da sil ɗin lafiyarsa lau. Taɓa hular da yatsa, ya kamata ta riƙa motsi. In ta daskare, goge kewayenta, ka kwance ta da sifana, ka wanke da kananzir, ka hura ka ji iska na wucewa, ka mayar.

Wani direba ya shiga gareji ya ce, "Maigida, a sa mini sabon sil, wanda aka sa watan jiya ma ya fara." Bakaniken ya ce, "To Malam, bari mu ga abin da ya kashe na watan jiya tukuna." Irin wannan bakanike shi ne abin riƙewa. Sil roba ce, tsufa da zafi suna busar da ita, musamman a motar da ta daɗe a ajiye. Amma sabon sil ba ya mutuwa haka kawai.

Bayan mashaƙa, duba yawan man. Kwance notin zuba mai da ke gefen tukunya, mota tana tsaye daidai. Sa ɗan yatsa. A yawancin motoci man yana tsayawa ne daidai leɓen ramin na ƙasa. Idan ya bulbulo da yawa, an cika shi fiye da kima, wannan ma yana kawo yoyo. Idan ka ga ya yi fari-fari, ruwa ya shiga, galibi bayan an ratsa kwazazzabo da aksil mai zafi. A zubar da shi duka.

Sil ɗin bakin farfela

Kama bakin da farfela ke ɗaure a kai, ka girgiza sama da ƙasa. In yana wasa, boris ya ci, sabon sil ba zai jima ba. In ba ya wasa, sai a yi alama da fenti a mahaɗar farfela kafin a kwance, don a mayar da ita yadda take. Daga nan za a ga wani babban noti a tsakiya. Ka sa ido sosai a kan notin nan. Ba riƙe ƙarfe kawai yake yi ba, shi ke daidaita matsin boris ɗin ciki. A yi masa alama da shi da shaf ɗin, a ƙirga zaren da ya fito waje, a rubuta. In an zo mayarwa, a tsaya a kan alamar. Yaron gareji mai ji da ƙarfi yakan sa dogon bututu ya danne har sai ya gaji. Cikin 'yan makonni boris ya ƙone. In kuma an bar shi sako-sako, haƙora su kama kuka. Idan ba ka taɓa ganin an yi ba, wannan aikin na gwani ne, kai ka tsaya ka kalla.

Kafin a buga sabon sil, bi wurin da leɓensa ke gogawa da farce. In farcenka ya maƙale a wani zobe da tsohon sil ya sassaƙa, sai an canza ƙarfen ko an sa masa siririyar riga. A shafa wa leɓen sabon sil mai, gefen da ke da ɗan sifirin ya kalli ciki inda man yake, a buga shi a hankali ya shiga daidai, ba a karkace ba.

Sil ɗin bakin taya

Wannan ya fi haɗari, domin man yana sauka ne kai tsaye a kan birki. A motoci irin su Hilux da Hiace, ana cire taya da gangar birki, a raba bututun man birki da wayar birkin hannu, a kwance noti huɗu da ke bayan faranti, sannan a zaro shaf. Sil ɗin yana bakin bututun aksil. Juya boris da hannu: in ka ji gurgur ko yana wasa, a canza shi tare. Boris ɗin da injin matsi ake cire shi, da shi ake sa shi, ba da guduma ba. Wajen mayar da shaf a tallafe shi, kada haƙoran bakinsa su yage sabon sil. Manyan motoci masu tayoyi bibbiyu a baya tsarinsu daban ne: shaf yana zarowa taya tana nan, sil ɗin kuma yana bayan cibiyar taya.

Layinin birki, wato abin da ke goga ganga ya tsayar da taya, in ya sha mai ya gama aiki. Wasu kan wanke shi da fetur, wasu su babbaka shi a wuta su mayar. Kada ka yarda. Man ya riga ya ratsa ciki, da birki ya yi zafi zai sake tsattsafowa, motar ta riƙa fizga gefe ɗaya. A canza na hagu da na dama tare, a wanke ganga, a fitar da iska daga birki kafin a hau titi.

Sabon mai

Kullum ka fara kwance notin zubawa kafin na tsiyayewa. In ka tsiyaye sannan na sama ya ƙi kwancewa, ka tsaya ke nan. Notin ƙasa yakan zo da maganaɗisu. Ɗan laushin garin ƙarfe a jikinsa ba komai, amma in ka ga ɓarɓashi mai kaifi, a buɗe tukunyar a duba haƙora. Tsohon man a tara shi a jarka, kada a zuba a kwata.

A jikin galan ka nemi rubutu biyu. Na farko GL-5, wato man da aka yi domin haƙoran aksil. Na biyu lambar kauri, kamar 80W-90 ko 85W-140. Littafin motarka zai faɗi wanda ya dace da ita. Baƙin man inji ba ya maye gurbinsa. A ɗura har ya fara tsiyayowa daga bakin rami, a jira ya tsaya, a ɗaure da sabuwar wasa.

Aikin gida

Ka rubuta GL-5 da 80W-90 a littafinka sau uku-uku, ka je shagon mai ka nemo su a jikin galan da kanka. Sannan ka ware shafi ɗaya domin motar da kake tuƙawa ko kake koyon aiki a kanta: ranar da aka zuba mai, lambar kilomita da agogo ya nuna, irin man, da abin da aka canza. Bayan mako ɗaya ka sake shimfiɗa kwali, ka rubuta abin da ka gani.