Yadda ake auna wariya, riƙo da asali da lafiyar ƙwaƙwalwar matasa

A 2018 Aprile Benner da abokan aikinta suka tattara bincike 214 da suka shafi matasa sama da 91,000, akasarinsu a Amurka. Abin da ya fito shi ne, matashin da ya fi fuskantar wariya saboda ƙabila ko launin fata ya fi nuna alamun ciwon damuwa, darajar kansa tana raguwa a idonsa, karatunsa ma yana ja da baya. Inda ake ta kai-kawo har yanzu shi ne ko riƙo da asali yana kare yaro daga wannan illa, kuma a nan ne sabon mai bincike ya fi tuntuɓe, domin yakan ɗauki asali kamar abu guda da za a ba maki guda.

Ka fara da raba shi biyu. Ma'aunin asalin ƙabila mai suna MEIM da Jean Phinney ta fitar a 1992, wanda ita da Anthony Ong suka taƙaita a 2007 ya zama MEIM-R, tambayoyi shida ne kacal a sabon tsarinsa. Uku suna auna neman sani: ko yaro yana tambayar manya, yana bibiyar tarihi da al'adun mutanensa. Uku suna auna riƙo: ko yana jin shi ɗan cikinsu ne, ya kuma san abin da hakan yake nufi gare shi. Kada ka haɗa makin biyun. Nazarin da Tiffany Yip da abokan aikinta suka yi a 2019 kan tarin bincike ya nuna riƙo yana rage zafin wariya, neman sani kuwa yana iya ƙara shi. Abin ba mamaki ba ne. Yaron da yake tsakiyar tambayar "ni wane ne?" bai tsaya da ƙafafunsa ba tukuna, zagi a wannan lokaci ya fi shigarsa. In ka zuba su a kwando ɗaya, wannan ya ja gabas, wancan ya ja yamma, sai ka rubuta cewa asali ba shi da tasiri alhali yana da shi har iri biyu.

Idan binciken kan baƙaƙen fatar Amurka ne, tsarin Robert Sellers ya fi zurfi, domin ya bambanta yadda yaro yake kallon mutanensa da yadda yake zaton wasu suna kallonsu. Akwai sigarsa ta matasa, MIBI-Teen. Amma an gina shi ne kan tarihin wannan al'umma, ba a ɗaukarsa ɗungurungum a kai wani wuri.

Kafin tambayoyin, ka bar layi guda yaro ya rubuta ƙabilarsa da kansa. Za ka ga yarinya ’yar shekara 14 ta tsayar da biro, ta ɗaga hannu: "Ta Baba zan rubuta ko ta Mama?" Ka shirya amsar tun kafin ranar, kowane ma'aikacinka ya ba da iri ɗaya: ta rubuta duk wadda take ji tata ce, ko biyun, sannan ta nuna wadda take tunani a kai lokacin amsa sauran tambayoyin.

Sai wariya. Ma'aunin wariyar yau da kullum na David Williams, na 1997, tambayoyi tara ne: raini, rashin ladabi, ɗaukar mutum marar wayo ko marar gaskiya, zagi, barazana da makamantansu, sannan a tambayi dalilin da mutum yake ganin ya jawo. Don manya aka yi shi. Ga matasa, ADDI na Celia Fisher da abokan aikinta, na 2000, ya fi dacewa. Tambayoyinsa 15 sun raba wariyar da ke fitowa daga makaranta, da ta tsara, da ta wurare irin su kantuna da jami'an tsaro, kuma yana tambayar yadda abin ya ɓata wa yaro rai. Wannan rabo yana da amfani ƙwarai, don malamin da ya rage maka maki da abokan da suka ƙi wasa da kai ba ciwo ɗaya suke ji maka ba. Ka kuma ƙayyade lokaci, misali watanni 12 da suka wuce. In ka ce "a rayuwarka", ɗan shekara 17 zai fi ɗan 12 maki don kawai ya fi shi daɗewa a duniya.

A ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa ba sai an ƙirƙiri komai ba. CES-D, mai auna alamun ciwon damuwa, tambayoyi 20 ne kan makon da ya wuce, maki daga 0 zuwa 60. PHQ-9, shi ma na alamun damuwa, tara ne kan makonni biyu, maki daga 0 zuwa 27. SDQ, mai duba ɗabi'a da yanayin zuciyar yaro, yana da 25, kuma yaro daga shekara 11 yana iya cike shi da kansa. A CES-D akwai tambayoyi huɗu da aka rubuta da kyakkyawar fuska, irin ta jin daɗin rayuwa. Dole a juya makinsu kafin a haɗa, mantawa da wannan kaɗai ya isa ya lalata lissafi. Waɗannan ma'aunai alama suke nunawa, ba sa tabbatar da cuta, don haka a rahoto ka rubuta "alamun damuwa".

Ka sa tambayoyin yanayin zuciya a gaba, na wariya a baya. Yaron da ya gama tuno ranar da aka wulaƙanta shi, in ka tambaye shi nan take ko yana cikin baƙin ciki, amsarsa ta wannan minti ce, ba ta mako ba.

Idan za a fassara, mutum ɗaya ya juya zuwa harshen yaran, wani da bai ga asalin ba ya mayar, a kwatanta. Bayan haka ka zauna da matasa 10 zuwa 15 ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi da bakinsa abin da ya fahimta daga kowace tambaya. A nan ake gano kalmar da manya suka yarda da ita amma yara ba sa faɗi.

Yawan yara fa? Don gano alaƙa tsakanin wariya da damuwa mai ƙarfin 0.20 (a sikelin da 0 ke nufin babu alaƙa, 1 kuma cikakkiyar alaƙa) da tabbacin da aka saba nema, ana buƙatar kusan 194. Amma yaran aji ɗaya suna kama da juna. In za ka ɗauki 30 a kowane aji, kamanceceniyar kuma ta kai 0.05, sai ka ninka da 2.45, ya koma kusan 475. Gwada ko riƙo da asali yana sauya tasirin wariya kuwa yana iya cin ninki huɗu ko fiye. Sannan ziyara ɗaya ba ta nuna wanne ya riga wanne tsakanin wariya da damuwa, domin yaron da damuwa ta riga ta kama yana iya fin wani lura da raini. Ka auna sau uku, tazarar wata shida ko shekara, ka kuma ƙara adadi tun farko saboda waɗanda za su canza makaranta.

Ranar cikewa, da izinin iyaye da yardar yaron kansa a hannu, malami ya fita daga ajin, tunda wasu tambayoyin a kansa suke. Lamba za a sa a takarda, jerin sunaye yana kulle a wani wuri dabam. Tambaya ta tara a PHQ-9 kan tunanin mutuwa ko cutar da kai take. Ka faɗa wa yaran tun farko cewa sirrinsu a rufe yake sai in akwai haɗari ga rai. A duba wannan tambaya a kowace takarda kafin a tashi daga makaranta, duk wanda ya amsa da abin da ya wuce sifili, ƙwararren mai ba da shawara ya gana da shi a keɓe a ranar, ba tare da an kira sunansa gaban aji ba.